Hirar Ƙarƙashin Mota

Allah ne Ya ba mu shi, kuma a makon jiya Ya karɓi abinSa. Surukina nake nufi, mahaifin matata, wanda ni da duk mutanen layinsu muke kira Baba. An yi masa salla a Haramin Madina, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, muka dawo unguwar Harra ta Yamma muka tarar samarin unguwa suna fama da motoci a ƙofar gidansa. Sai da aka tura su gefe kafin a samu wurin jera kujerun zaman makoki, don Baba ya tafi ya bar aikin mutane a buɗe: wata ba taya, wata bonet a ɗage, wata an cire mata lagireta an jingine da bango. Ƙasa duk tabon baƙin mai. Aka shimfiɗa dardumai a kai, amma warin ya ƙi ɓoyuwa. Wani dattijo mutumin Nijar ya shaƙi iskar ya ce kada kowa ya wahalar da kansa wajen kunna turare, ai turaren mamacin ke nan.

A nan Madina 'yan'uwan mamaci jeruwa suke yi bayan Magariba, masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka tsayar da ni kusa da Baffa, ƙanin Baba, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Masu tasi suka zo, likitoci da malaman jami'a 'yan Najeriya suka zo. Wani maƙwabci Basudane ya riƙe hannun Baffa yana hawaye, yana cewa wa zai ƙara gane ciwon motarsa tun tana kan kwana. Samarin da aka haifa a nan suna yi mana gaisuwa da Larabci, muna amsawa da Hausa, ba wanda ya damu. Abin da ya dame ni shi ne duk wanda ya iso kaina sai ya ƙara matse hannuna ya ce ni ne na yi babban rashi. Wai ba su taɓa ganin mai son surukinsa irina ba, a 'yan watannin nan kullum suka wuce ina tsaye, shi yana ƙarƙashin motata. Baffa ma ya gyaɗa kai ya ce haka ne, Allah Ya yi mini albarka.

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na san abin da yake kai ni gidan. Magana ɗaya nake ɗauke da ita: in gaya wa Baba zan koma gida Zariya, kuma zan tafi da 'yarsa da jikokinsa. Har aka rufe shi da ƙasa ban faɗa ba.

Ni baƙo ne a garin nan, aikin kantin magani ne ya kawo ni. Matata kuwa a nan aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kakanta ne ya tako a ƙafa daga ƙasar Hausa ya zo aikin hajji, bai koma ba. Ita ce 'yar fari a wurin Baba, ita kaɗai ce mace, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Lokacin neman aurenta Baffa ne ya tsaya, kuma abu ɗaya ya isar mini daga bakin yayansa: ba a hana ni mata, amma kada in raba shi da ganinta. Na ce ai ni na zama ɗan Madina, ina zan je? Da zuciya ɗaya na faɗa. Ban lissafa da cewa mahaifiyata za ta tsufa ba, ga shi ni ne babba a ɗakinta.

Baba bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma kunyar surukuta da ya gada wurin mahaifinsa ta fi ta mutanen garinmu tsauri. Yadda aka zo da ita haka ya ajiye ta, ko ƙura bai bari ta hau ba. Ba ma cin abinci a faranti ɗaya. Idan na shigo falo, sai ya tuna akwai abin da ya manta a waje. Idan muka yi kiciɓis a bakin ƙofa, ni in durƙusa ina kallon takalminsa, shi yana kallon bango, mu yi ta "lafiya lau" har ɗayanmu ya samu hanyar tsira. Duktur yake ce mini, yadda ake kiran duk mai farar riga a nan. Ƙannen matata dariya suke yi mana da Larabci, wai mun fi ango da amarya kunya. Shekarun farko na aurena, idan aka tara duk maganar da muka yi da shi ba za ta cika kofin gahawa ba.

Mota ce ta haɗa mu. Baba direba ne tun yana saurayi, da ya ajiye tuƙi sai ya koma gyara a ƙofar gida. Ba shi da warsha, wato garejin gyara, ba shi da allo, daga shi sai jak, da kwalin firji da yake shimfiɗawa, da akwatin sifanu wanda ya girme ni. Wata rana na kawo iyali gaisuwa, motata tana wata ƙara kamar ana jan gwangwani. Ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Na fito zan tafi sai na tarar an ɗaga ta a kan jak, ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashi. Na tsaya na rasa abin yi. Can na ji murya daga ƙasa tana cewa in miƙo sifana mai jan tsumma a wuya. Na miƙa. Sai ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata. Daga nan ya tambayi ko da gaske ne a wajenmu har yanzu ana daka sakwara a turmi. Kafin ya gama ɗaure salansar, mun yi hirar da ba mu yi ba tun ranar ɗaurin aure. Yana fitowa ya karkaɗe rigarsa, ya mayar da idonsa kan bango, ya ce, "Halas, an gama, Duktur, a sauka lafiya." Kamar ba shi ba.

Haka muka gano dabararmu, ba tare da kowa ya furta ba. Muddin fuskarsa tana ƙarƙashin mota, ni kuma ina tsaye ina kallon rufinta, to babu suruki a wurin, akwai dai mutum biyu da sifana. A can ƙasa Baba mai surutu ne da tsokana. Kafin ya taɓa kowace mota sai ya sa a tayar da ita, ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ce, "Bari mu ji ta bakinta tukuna." Ko mene ne ya rage, ko injin ne a sauke a ƙasa, idan ka tambaye shi sai ya ce saura kaɗan. Ba ya zubar da noti ko da ya cinye, gwangwanayen madara ne cike da su. Ya tsani mutum ya bar mota ta sha baƙin mai har ya koma kamar kwalta, yakan ce irin wannan mutumin ko akuya aka ba shi kiwo zai bar ta da ƙishirwa. Ni ma na sha wannan faɗan, daga ƙarƙashin mota, inda ba zai ga yadda nake sosa ƙeya ba.

Amma abin da ya fi so a duniya ba mota ba ne. Wani tsohon injin jan ruwa ne, matur kamar yadda ake ce masa a nan, yana ajiye a ɗan ɗakin kaya na bayan gida tare da dogon tiyonsa a nannaɗe. Kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya jawo shi waje, ya duba mai, ya goge fulogi, ya shafa giris, ya tsoma bakin tiyon a durom, ya ja igiya. Layin gaba ɗaya ya ɗauki ƙara, ruwa ya fita daga durom ɗin nan ya koma wancan, sannan ya kashe ya mayar. A garin da sai a shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba! Surukata, wadda muke kira Umma, takan ce da ana yi wa mutum irin hidimar da ake yi wa matur ɗin nan da bai tsufa ba. Baba sai ya ce injin da ake nema rana ɗaya a shekara shi ne ya fi bukatar kulawa, don ranar da aka neme shi ba a jira.

A kan wannan injin suka taɓa ɓatawa da Baffa. Baffa ya samu 'yar gonar dabino da wani abokinsa a wajen Bani Harisa, ya zo aron matur na kwana kaɗan. Baba ya ce a'a. Ya ce ya ɗauki motarsa, ya ɗauki jak, ya ɗauki akwatin sifanu in yana so, amma matur ba ya kwana a waje. Baffa ya ji zafi ƙwarai, ya ce ashe ƙarfe ya fi ɗan'uwa. Suka daɗe daga gaisuwar masallaci ba ƙari, alhali gidan Baffa yana ƙarshen layin nan, a gangare.

Sai ga hunturun da aka yi ruwa. Wanda bai san Harra ba, ƙasarta baƙin dutse ce, ba ta shan ruwa, abin da ya sauka gangarawa yake yi ya nemi gidan da ya fi kwari. Gidan Baffa ne. Kafin La'asar ruwa ya shiga falo, katifu suna iyo, mata suna kwasa da tukwane. Ba wanda ya aika wa Baba. Ganinsa kawai aka yi yana turo matur a baro, rigarsa a ɗaure a ƙugu. Ja ɗaya ya yi wa igiyar injin ya tashi. Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana riƙe da tiyo har tayil ya bayyana, bai ce wa ƙaninsa uffan ba. Da ya gama, Baffa ya kawo shayi yana neman bakin magana. Baba ya sha shayin, ya nannaɗe tiyonsa, ya ɗora matur a baro ya tura shi gida. Ko a ranar bai bar shi ya kwana a waje ba. Baffa da kansa yake ba da labarin yana dariya, ya ce sulhun da aka yi ke nan.

Saboda wannan son ruwan ne yake yawan tambayata labarin damina. Mutumin da bai taɓa ganinta ba, sai abin da ya ji a bakin mahaifinsa. Daga ƙarƙashin mota zai ce, da gaske ne ana wuni ana ruwa? Da gaske ne ciyawa tana fitowa a kan katanga? Wata rana na ba shi labarin gidanmu na Zariya, yadda yake a kwari, yadda duk Agusta ruwa yake cika tsakar gida, mahaifiyata da 'yan'uwana su kwana kwasa da bokiti da kwano. Na ji sifana ta daina motsi. Ya ce, "Ba ku da matur?" Na ce babu. Ya yi tsaki irin na wanda aka gaya wa an bar maraya da yunwa, ya ci gaba da aikinsa.

A farkon bazarar bana ƙanwata ta kira ni ta ce jikin tsohuwa ya fara ja baya, ba ta iya tashi sai an kama ta, kuma kullum sunana take ambata. Aikina a nan ma ya zo ƙarshen wa'adinsa. Na zauna da matata na gaya mata. Ta yi kuka, bayan kwanaki ta ce za ta bi ni, amma da sharaɗi: ni zan gaya wa Baba da bakina, ita ba za ta iya ba, kuma kada in bi ta wurin Baffa. Ta ce wanda ya yi alkawari shi zai je ya warware.

To a ina zan faɗa? A falo ba ma haɗa ido. Wuri ɗaya ne muke magana. Sai na fara kai masa mota, alhali lafiyarta ƙalau. Yau in ce ina jin ƙara a ƙafar gaba, jibi in ce kamar tana ɗigar da mai, wani makon in ce giya tana yi mini gardama. Dattijo mai ciwon gwiwa, a zafin Madina da ko kwalin da yake shimfiɗawa sai ya yi ɗumi, zai ɗora hannu a bonet ya saurara, ya yi jim, sannan ya ɗauko jak. Bai taɓa cewa bai ji komai ba. Zai durƙusa da ƙyar, ya kwanta, ya ja jiki ya shige. Ni kuma in tsaya a kansa, maganar tana maƙogwarona, in haɗiye ta in tambaye shi labarin zamanin da yake jigilar alhazai. Duk wanda ya wuce ya ce kai, wannan suruki da kirki yake. Ni mai sayar da magani, na fi kowa sanin abin da zafi yake yi wa tsoho.

Zuwana na ƙarshe na yi rantsuwa a raina ba zan koma gida da maganar ba. Na ce masa birki ne. Ya shige, na ji yana ƙwanƙwasa nan da can, a hankali, irin na wanda ba aiki yake yi ba. Hirar ma ranar ba ta yi tsawo ba.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am, Duktur."

Ƙwanƙwasar ta tsaya. Ina kallon ƙafafunsa, da tsohon silifas ɗinsa, da kaushin dunduniyarsa. Ya jira ni, wallahi ya jira ni. Sai na ji bakina yana cewa, "Ko takalmin birkin ne ya cinye?"

Na ji ya ajiye sifana. Sannan ya ce, "Birkinka lafiya lau yake."

Ya fito, na kawar da kai kamar kullum, ya ce a gaida yara. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama shi, aka kwantar da shi asibiti. Na je, amma ɗakin cike yake da 'ya'ya da jikoki, kuma ga fuskarsa a fili, ba mota a tsakaninmu. Na yi masa sannu daga bakin ƙofa. Likitoci sun ce ba zafin rana ne ya ɗauke shi ba, kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma hakan bai rage mini komai ba.

Juma'ar da ta biyo bayan an tashi daga zaman makoki, muka sauko daga masallaci layin ya yi tsit. Kowa ya lura babu ƙarar matur. Baffa ne ya kasa haƙuri, ya ce mini mu je mu tayar da matur ɗin nan ko sau ɗaya ne, kada ya ji an yi watsi da shi. Muka zagaya bayan gida na tura ƙofar ɗakin kaya. Injin ba ya inda yake zama. A madadinsa akwai wani ƙunshi a tsakiyar ɗaki, an naɗe shi da buhu da tsohon bargo, an ɗaure tamau da igiya ta ko'ina, irin ɗaurin kayan da za a saka a jirgin ruwa. Tiyon a nannaɗe a ƙunshi na biyu. A gefe ga gwangwanin madara an rufe bakinsa, na girgiza na ji fulogai ne da notuna. Man injin an tsiyaye shi a galan an ajiye daban. Baffa ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Umma ce ta amsa daga bayan ƙofar kicin, inda take zaman takaba. Ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba sai ranar. Ta ce shi ya ɗaure da hannunsa, kwana biyu kafin ya kwanta, ya hana kowa taya shi.

Ta ce, "Ya ce a ba Duktur. Ya ce can ne ake ruwa na gaske, kuma yarinyar nan ba ta saba kwasar ruwa da kwano ba."

Na tambaya ko matata ce ta gaya masa. Umma ta ce ba wanda ya gaya masa. Ta ce tun farkon bazara ya shigo ya ce mata motar Duktur ba abin da ya same ta, mai ita ne yake da magana, don daga ƙarƙashin mota ƙafafun mutum kawai ake gani, kuma nawa sun daina tsayawa wuri ɗaya. Sauran kuma ya haɗa da kansa, daga yadda na daina ba shi labarin mahaifiyata. Ta ce ta ce masa to ya tambaye ni mana, ya huta da kwanciya a ƙasa. Ya ce a'a, idan ya tambaya ya tona ni, gara ya yi ta shiga har in samu bakin faɗa.

Baffa ya daɗe yana kallon ƙunshin. Ya share ido da gefen rawaninsa ya ce shi aron kwana kaɗan aka hana shi, ga shi wani za a bai wa ya ƙetare teku da shi. Ya so mu yi dariya, ba wanda ya iya.

Kunyar da na ji a jerin gaisuwa wasa ce a kan wadda na ji a ɗakin nan. Amma matata ta ce da bakina zan faɗa, kuma na gaji da haɗiyewa. Na durƙusa a bakin ƙofar kicin, ina kallon ƙasa, na ce, "Umma, zan koma Zariya. Ina neman izinin tafiya da ita da yara."

Na ji tana jan hanci. Sannan ta ce, "Ai ya riga ya amsa maka."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya masa makwanci fiye da duk inda na sa shi ya kwanta. Ƙunshin yana nan yadda ya ɗaure shi, ban kwance ko ƙulli ɗaya ba, sai mun isa gida. Na dai tambayi Baffa yadda ake goge fulogi, don a Zariya ma akwai Juma'a.